Baba Sale Mai Ƙona Takardun Gwamnati

Sale ai maƙwabcinmu ne a nan Kubwa, bango ɗaya ya raba mu. Dogo, siriri, in yana tafiya ka ce iska ce ke tura shi. Shekara ashirin da tara yana masinja a wata ma'aikata can cikin gari, amma ainihin aikinsa ƙona takarda ne. Duk fayil ɗin da aka buga wa jan hatimi aka ce sirri ne, in an gama da shi Sale ake ba. Kun san dalili? Bai yi boko ba. Ogansu ya ce wanda bai iya karatu ba ya fi kowa riƙe amana.

Akwai wata tsohuwar ganga a bayan ofis, gindin mangwaro. Nan yake zama duk Alhamis da hantsi, ya hura wuta, ya riƙa sakin takardu ɗaya-ɗaya. Yakan ce hayaƙin takarda daban yake da na itace, a hankali yake tashi kamar mai jin kunya. Sai ya yi ta kallo yana ƙiyasta abin da ke ciki. Wannan ƙila maganar jirgin sama ce. Waccan ƙila hanya ce za a shimfiɗa har ƙofar garinsu. Wani lokaci, in ji shi, rubutun kan fito fari fat a jikin baƙar takardar kafin ta ruguje, kamar tana roƙon a dube ta sau ɗaya.

To kowane fayil yana da wani ɗan ƙarfe mai hannu biyu da ake lanƙwasawa ya riƙe takardun. Wuta ba ta cinsa. In toka ta huce sai Sale ya tsince ƙarafan ya zuba a gwangwani ya kai wa oga. Shaidar an ƙona ke nan.

Saura wata bakwai ya yi ritaya, fansho kawai yake jira, sai ga wata ma'aikaciya, Hajiya Zuhra, ta zagayo bayan ofis da kanta, fayil a ƙarƙashin mayafi.

"Baba Sale, yau ma ana ciyar da aljanun?"

"Ranki ya daɗe, ai su ma suna da haƙƙi."

Ba ta yi dariya ba. Ta tsuguna kusa da shi ta ce akwai wani ƙauye can bayan Dei-Dei, an binne gangunan guba kusa da rafinsu, yara sai ciwon ciki, wasu har sun rasu. Ita aka tura ta auna ruwan. Ta dawo ta rubuta gaskiya, aka buga jan hatimi, aka ce maganar tsaron ƙasa ce, a ƙona.

"Ni ana caje jakata a ƙofa, kai ba mai duba ka. Akwai wani ɗan jarida a Karu, Nicholas, shi nake so ka kai wa. In ka ƙi, Baba, wallahi ban ga laifinka ba. Na san saura wata nawa."

Ta ajiye ta tafi.

Sale ya daɗe a zaune. Ya ce min wutar ma ranar kamar ba ta da yunwa. Yana kallon ganga sai ya ga rafin garinsu, lokacin yana yaro, yadda suke kwantawa rub da ciki su sha kamar awaki, ruwan na sanyi har haƙori. Bai san sanda hannunsa ya buɗe ƙarfen nan ba. Ya zare takardun ya cusa a cikin riga, ya jefa ƙarfen a wuta tare da tsofaffin jaridu.

Da aka tashi aiki ya hau mota har Karu, takarda na manne da cikinsa, gumi ya jiƙa ta. Nicholas ya duba shafi biyu ya ɗago kai.

"Baba, ka san abin da ka ɗauko kuwa?"

"Takarda."

"Wannan takarda za ta iya kai ka gidan yari fa."

"Allah ya kiyaye. Kai dai ba ni ruwa, na sha rana."

Bayan kwana goma labari ya fito, rediyo ma ta ɗauka. Ofis ya rikice. Oga ya juye gwangwanin ƙarafa a kan tebur yana tonawa da biro. Duk baƙi ƙirin, duk a lanƙwashe, sai guda ɗaya hannuwansa a miƙe. Sale ya manta bai mayar ya rufe ba. Ƙarfen da wuta ta cinye wa takarda ai a rufe yake zama.

Oga ya ɗaga shi ya ce, "Sale, yaushe wuta ta yi yatsu?"

Kwana uku masu bincike suna riƙe da shi. Suka ce sun san bai iya karatu ba, wani ne ya zaɓa masa fayil ɗin. In ya faɗi suna kawai, sai ya koma aikinsa, fanshonsa na nan. Aka ajiye masa shayi, aka ce ya yi tunani.

Ya dube su ya ce, "Yallaɓai, shekara ashirin da tara kuna koya min riƙe sirri. Yanzu da na tsufa za ku ce in saki?"

Ba a kai shi kotu ba, don kada maganar ta ƙara girma. Kora aka yi masa, ba fansho, ba ko sannu. Hajiya Zuhra tana nan a bakin aikinta, ba wanda ya taɓa ta.

Yanzu gadin shagon siminti yake yi a Dei-Dei, da tsufansa. An ce an tone gangunan, an haƙa wa ƙauyen rijiyar burtsatse. Akwai wata mata daga can, Justina, mai kawo kunun zaƙi kasuwa da goyo a baya. Kullum sai ya saya. Bai taɓa gaya mata ko shi wane ne ba.

"Ya yaran?" yakan ce.

"Suna nan, Baba, sai ɓarna."

Sai ya ce ta ƙara masa ludayi ɗaya.