Rabe Haris da Shingen Hanyar Jidda

Duk wanda ya tashi a Mansur, unguwar da mu Hausawa muka fi yawa a Makka, ya san Rabe Haris. Haris ba sunan ubansa ba ne. Haka Larabawa ke kiran gola, sunan kuma ya manne masa tun bai fara gemu ba. Ni Dauda mai tsire, teburina yana bakin filin da suke buga ƙwallo bayan la'asar, don haka ba labari aka ba ni ba.

A nan aka haife shi. Iyayensa mutanen Maraɗi ne da suka zo aikin hajji suka ƙi komawa. Uban ya rasu tun Rabe yana rarrafe, uwar kuwa, Inna Zali, da sayar da tsabar tantabaru a hanyar Harami ta raine shi. Da ya yi ƙarfi sai ya shiga tura tsofaffin alhazai a keke. Ikama, wato takardar zama, ba shi da ita, ita ma ba ta da ita.

Ƙafar Rabe kam sai addu'a. In ya ɗaga ta zai buga, mu masu tebur rufe nama muke yi. Amma hannu! Kafin mai bugu ya gama shawara da zuciyarsa, Rabe ya riga ya isa inda ƙwallon za ta je. A kan tsakuwa yake faɗuwa, ya tashi ya karkaɗe gwiwa yana zagin 'yan bayansa da Larabci, ya ƙarasa da Hausa. Masu neman 'yan wasa sun sha zuwa, su yi kallo, su gyaɗa kai, su tambayi ikama, su koma motarsu. Haka aka yi ta yi har ya doshi talatin, abin yana ci mini rai ko da shi bai nuna ba.

Abokinsa Nawaf, ɗan unguwar Hindawiyya, Bahaushe ne amma ɗan ƙasa, yana tuƙa tasi tsakanin Makka da Jidda. Shi ya ɗauko wani Bature a Jidda wata rana, Kaftin Ondrej, mutumin Sulobakiya. Mutumin ya taɓa tsare wa ƙasarsa gida, ko da yake ya ce shekarun da ya yi yana ɗumama benci a bayan wani sun fi waɗanda ya yi a raga. Yanzu golan wani kulob yake horarwa. Nawaf, da bakinsa ba ya hutawa, ya miƙa masa waya ya nuna masa Rabe. Bature ya kalla, ya maimaita, ya ce yana son ganin wannan da idonsa. Da aka gaya masa babu takarda, bai yi rufa-rufa ba: ba zai iya sa shi a kulob ba, gani kawai yake so.

To ga inda gizo ke saƙar. Bature ba Musulmi ba ne, ba ya shiga Makka. Rabe kuwa fita ba ta yi masa wuya, dawowar ce, domin a shingen hanyar Jidda masu shigowa ake dubawa. Wanda aka samu ba ikama sai tarhil, a mayar da shi ƙasar iyayensa. Wannan ɓangaren Nawaf bai gaya wa Bature ba.

Na kira Rabe na yi masa wankin babban bargo. Na ce mutum ya ce ba zai ɗauke ka ba, me za ka je nema?

"Kawu Dauda, ku kuna yabona don kuna sona," in ji shi. "So nake wanda ya san shuglin, ya san harkar ƙwallo, ya dube ni marra ɗaya, ya ce mini haris ne ni, ko ƙaryar unguwa ce."

Inna Zali, da ciwo ya jima yana damunta, ba ta yi doguwar magana ba. "Ya waladi, in sun kama ka, wa ni ka kira in ciwon ga ya tashi?"

"Kafin magariba ina gida, Inna, in sha Allahu."

"Tayyib. Allah shi kiyaye."

Na bi su, tunda tawa ikamar da rai. A wani fegi bayan gidan mai, can wajen iyakar Harami, muka tarar da Bature da buhun ƙwallaye. Dogo ne, ya fara furfura, yatsunsa a karkace kamar ɗanyar citta. Ya ajiye duwatsu biyu, ya nuna wa Rabe tsakani. Ya fara bugawa a hankali, sai ya ƙara, sai na ga ya tuɓe agogo ya ba Nawaf. Ya buga ƙasa, ya buga sama, ya yi masa wayo da ido, Rabe yana tashi yana faɗuwa a cikin ƙura. 'Yan kaɗan ne suka wuce shi. Da suka gaji, Bature ya kama hannuwan Rabe ya jujjuya su, ya yi magana, Nawaf ya fassara.

"Ya ce da a ƙasarsu aka haife ka, da a bayanka shi ma ya yi zaman benci."

Rabe ya juya mana baya ya daɗe yana kallon dutse. Ni kaina sai da na share ido da hula.

A dawowa, askarin shinge ya leƙo, ya karɓi takardata, ya karɓi ta Nawaf, ya miƙa wa Rabe hannu. Bai ɗaga murya ba, aikinsa yake yi. Rabe ya sauka da ƙurar filin a jikinsa, ya ce da ni, "Kawu, Inna."

Yanzu yana Maraɗi, garin da bai taɓa gani ba sai da aka sauke shi a can. Da Bature ya ji abin da ya faru, ya ɗaga hankalinsa ƙwarai, ya yi ta buga waya har wani kulob na can ya gwada Rabe. Sun ɗauke shi, da riga mai lamba, da sunansa a baya. Ya roƙi uwarsa ta bi shi. Ta ce ita mutuwa ta zo yi a Makka, kusa da mijinta, ba ta fita. Ban ga laifin ko ɗayansu ba, amma abin yana da ciwo.

Ran Juma'ar da ta wuce ya turo mini bidiyon wasansu, na kai mata. Idonta ya yi rauni, ta kawo wayar dab da fuska.

"Wane na shi cikinsu, Dauda?"

"Ga shi can ƙarshe, Yaya, mai koriyar riga."

Ta daɗe tana kallo. Sauran 'yan wasan duk sun kwashe sun yi gaba da ƙwallo.

"Ko can ma shi ɗai suka bari?" in ji ta.