Kwanon Maigidana

A unguwarmu ta Garwa maza ba sa cin tuwon dare a cikin gida. Bayan magariba kowane magidanci yakan fito da kwanonsa ƙofar gidan dattijon unguwa, a jera a kan tabarma, a ci na wannan a koma na wancan. Mu mata kuwa da yadda kwano ya dawo muke gane matsayinmu. Nawa kullum a suɗe yake dawowa, don ba yabon kai ba, miyar yakuwata da kifi ta fi gaban raini.

Maigidana gyaran rediyo yake yi. A shekarun da aka yi ta kwasar mutane ba a faɗin laifinsu, motar jandarma, jami'an tsaro, takan tsaya a shagonsa, su ma rediyonsu na lalacewa kamar na kowa. Wa ya isa ya ce musu a'a? Sai aka kama ɗan da dattijon nan ya haifa, aka ce yana sauraron tashoshin waje yana yaɗa abin da ya ji. Nan take mutane suka yanke hukunci: wa ya san tashar da kowa ke kamawa in ban da mai gyara? Shi ke nan, maigidana ya zama kunnen gwamnati.

Ba wanda ya faɗa masa a fuska, tsoro bai bari ba. Ana gaisawa da shi, ana matsa masa wuri a tabarma, amma ba mai sa hannu a kwanonsa. Ni ban sani ba, tunda kwano a wanke tas yake dawo mini. Wata maƙwabciya ce ta tsegunta mini a bakin famfo.

"Yaya, ki rage tuwon nan. Bakin kogin Binuwai mijinki yake kai wa masunta, ya wanke kwanon kafin ya shigo."

Raina ya ɓaci har na kasa ɗaukar bokiti. Na so in fita in wanke su tas, gemu da gemu. Amma mutumin da ke taka wannan nisa don kada in ji kunya, ni ce zan tona shi? Na ci gaba da tuƙa tuwo kamar da, shi kuma yana shigowa yana cewa, "Uwargida, yau ma sun yaba." Wallahi maganar nan ta fi zagi ciwo.

Zamani ya juya, aka saki waɗanda suka rayu. Ɗan dattijon ya dawo a rame, ya ce a wurin tambaya maganganun da aka karanto masa duk waɗanda ya yi a cikin motar haya ne, hanyar garin Tuboro, inda yake kai kaya, ba a shagon maigidana ba. Lokacin ciwon maƙogwaro ya riga ya kwantar da maigidana, ko kunu da ƙyar yake wucewa.

Dattijon ya zo da sandarsa, ya zauna a gefen shimfiɗa, ya kasa haɗa ido da kowa. Can ya ce, "'Yata, akwai tuwo?"

Na kawo. Ya wanke hannu, ya tura kwanon tsakaninsu ya ce, "Bismilla, malam." Maigidana ya girgiza kai, ya nuna wuyansa. Tsohon ya ci shi kaɗai yana hawaye, maigidana yana kallon kowace loma.