Hoton Ƙirjin Inna da Ya Ƙone

Inna, mahaifiyata, koko da ƙosai take sayarwa a bakin lungunmu a unguwar Nima, cikin Ankara. Shekarar da tari ya kama ta, bakin mutane ya fi tarin damun mu. Da kunnena na ji matar mai gidan hayarmu a wajen famfo tana cewa, "Wannan tarin fa irin na tibi ne." Masu zuwa da kofuna da safe suka fara janyewa. In hoton ƙirji ya ce tibi ne, sana'ar Inna ta mutu ke nan.

Muka hau turoturo, motar haya, zuwa wani asibiti ta wajen Adabraka. Inna ta ji cewa namiji ne mai ɗaukar hoton, sai ta yi shiri tun daga gida: riga kan riga, zani kan zani, ga mayafi. Mace kamar sillen kara ta koma ƙatuwa.

Ban yi boko ba, amma kunnena ba ya barci. Ina zaune bakin ƙofa, na ji mai hoton ya murɗa maɓallin injinsa ƙas-ƙas, kaɗan, don tsohon da ke gabanmu. Da Inna ta shiga ya ce ta rage kaya, ta ce Allah ya kiyaye. Sai na ji ƙas-ƙas-ƙas ya ƙi ƙarewa. Me muka yi masa?

Hoton ya fito baƙi ƙirin, ko haƙarƙari ɗaya ba a gani.

"Maame, wuta ya yi yawa," in ji mai hoton ga Inna da Hausarsa ta Ankara. "Na ɗauka ke mai jiki ne." Wai mai ƙiba sai an ƙara wuta kafin ta ratsa shi, siriri kuwa kaɗan yake so. In ta yi yawa hoto ya ƙone, in ta yi kaɗan ya fito fari fat kamar koko.

Ban yarda ba. Na ce a raina wani abu ya gani, ya rufe shi da baƙi.

Aka kira nas mace, ta lallashi Inna ta tuɓe tulin kayan, aka ba ta rigar asibiti. Wannan karon murɗawar ba ta yi nisa ba. Na leƙa.

"Malam, ka rage mana wuta ne don mu 'yan Zango ne?"

Ya yi dariya. "Na ƙara, kin ɓata rai. Na rage, kin yi faɗa. Anti, zo ki murɗa da kanki."

"Ke, rufe mana baki," in ji Inna daga ciki, "ina riƙe da numfashi!"

Na biyun ya fito ras. Haƙarƙari farare, tsakaninsu duhu-duhu da wasu zare-zare kamar saiwa. Likita ya ɗaga shi gaban fitila ya daɗe yana kallo, ni kuma ina kallon bakinsa. Ya ce babu tibi, hayaƙin itace ne ya cinye mata ƙirji.

Na ce a ba ni baƙin hoton ma, in kai wani wuri a duba. Suka ce an jefar. Har yau wannan jefarwar ba ta kwanta mini ba.

Inna dai ta rataye mai kyaun a jikin rumfarta, duk wanda ya yi jim da kofinsa ta ce ya ɗaga ya duba a rana. Ciniki ya dawo a hankali. Ita ta koma zuba koko nesa da murhu, ni aka bar wa suyar ƙosai.