Ƙwan Roba da Siton Kawu

Ko da zan tsufa har haƙorana su zube, akwai ranar da ba za ta fita daga raina ba: ranar da ɗan ƙwallon robar da duk yankinmu ake yi wa dariya ya hana Kawuna jibge masara a wurin wasanmu.

A lokacin ina gyaran injin ban-ruwa a Ƙarfi, ina kuma ɗan taɓa noma kamar kowa. Amma da an idar da la'asar, duk mai nemana ya san inda zai same ni, wato tsohon siton audugar Kawu, yayan mahaifiyata. Tun da aka rage noman auduga siton ke zaune ba kowa, sai muka roƙe shi ya ba mu aro, kafinta ya haɗa mana tebur, muka ɗaura raga muka kafa wasan ƙwallon tebur. Shi ɗan farin ƙwallon da ake bugawa ƙwai muke ce masa. Ƙwan da muka tashi da shi marar nauyi ne, yana jin murɗi ƙwarai, wato juyawar da ake sa masa wajen bugu, amma ba shi da rai ko kaɗan. Ka maka shi da ƙarfi ya tsage, wani ƙamshi kamar na kafur ya tashi. In kuwa taka shi aka yi ya lotsa, sai mu ruga wurin mai shayi mu jefa shi a ruwan zafi ya kumburo, mu ci gaba da lallaɓawa.

Kwatsam sai wannan ƙwai ya ɓace daga kasuwa. Wani abokina direban bas da ke zirga-zirgar Funtua ya kawo mana kwalin wani sabo, ya ce shi kaɗai ya samu. Bugun farko da aka yi, kowa ya tsaya cak. Ƙarar ba irin wadda kunnenmu ya sani ba ce, wata ƙwas-ƙwas ce irin ta fasasshen ƙwai. Muka ɗauko na biyu, haka. Na uku, haka.

"Wallahi an yi maka sakiyar da ba ruwa," na ce wa direban. "Jabu aka haɗa ka da shi, kwali guda duk fasassu."

Ya mayar, mai kantin ya rantse masa cewa na roba ne, kuma shi ake kawowa yanzu ko'ina, ya ƙi karɓa. Dole uwar na ƙi, muka ci gaba da buga abinmu. Su kuwa manyan 'yan wasa na Funtua da Malumfashi, masu hanya, sun riga sun kwashe ragowar tsohon ƙwan sun ɓoye. Labari ya kai musu, suka raɗa mana suna 'yan jabu. Ko a tasha ka haɗu da ɗayansu sai ya tambaye ka ko har yanzu gwangwani kuke bugawa a Ƙarfi.

Ni na fi kowa jin haushi, domin ni mutum ne mai zuciya, kuma duk wasana a murɗi yake. Sabon ƙwan ya ɗan fi na da girma, ba ya ɗaukar murɗi sosai, in ya daki tebur sai ya ɗan tashi sama ya yi kamar yana jiran a doke shi. Sabis ɗina, wato bugun fara wasa, da nake taƙama da shi ya zama abin da kowane ɗan koyo ke mayar mini. Na yi fushi na daina zuwa, amma ƙafa ta saba, ta mayar da ni. Sannu a hankali na gane sai na matso kusa da tebur, na daina dogaro da wuyan hannu, na riƙa juyo ƙugu ina bugu da dukan jikina. Muka kuma lura da wani abu: ƙwan nan ba ya mutuwa da sauƙi. Sai dai in gefen bat, katakon da ake bugu da shi, ya sare shi da mugun ƙarfi. Guda ɗaya sai ya yi makonni muna dukansa, har mai shayi ya fara tambaya ko mun yi faɗa da shi ne. Da ƙwai ya daina katse mana wasa, sai muka saba da doguwar musayar bugu wadda a da ba mu taɓa kaiwa ba.

Damina ta yi kyau a shekarar, masara ta yi ƙwarai. Wata yamma sai ga Kawu a bakin sito, ya goya hannu a baya yana auna bango da ido.

"Kai ɗan nan, ku nemi inda za ku kai katakonku. Masara zan zuba."

"Haba Kawu, ka yi mana rai. Ba mu da wani wuri mai rufi a garin nan."

"Gardawa da gemu kuna bin ƙwai a guje! Me kuka taɓa kawowa gari?"

Na ce masa akwai gasar yanki a Funtua kafin a gama girbi. Ya yi dariya har hularsa ta karkace, ya ce to, in na kawo kofin ya bar mana siton, in kuwa na dawo hannu rabbana, da kaina zan yi dakon buhunan. Na amsa da bakina, amma na san wanda ke jirana a can.

Gwanin yankin wani malamin makaranta ne daga Malumfashi, ɗan coci, mutum mai sanyin hali da mugun hannu. Yanka yake yi, wato ya sare ƙwai ta ƙasa ya zo maka yana juyawa baya, kana taɓawa ya faɗa raga. Mun sha karawa a baya, ban taɓa cin sa ba.

Ranar gasa muka cika bas ɗin abokina. A babban ɗakin taro na wata makaranta aka yi. Kafin a fara, alƙalin wasa ya ɗaga wani kwali ya ce dokar yanzu ita ce da ƙwan roba ake gasa, an daina amfani da tsohon. Ya saki guda a kan tebur, sai ga ƙwas-ƙwas ɗin nan tamu ta cika ɗakin. Direban ya cafke hannuna har sai da na ji zafi. Masu ce mana 'yan jabu suka hau kallon juna, wasu suka shiga gardama, amma alƙali ya ce ba shi ya kafa dokar ba.

Na bi ta kan waɗanda aka haɗa ni da su, har na kai wasan ƙarshe. Malam ma ya kai, domin gwani gwani ne ko da me aka ba shi. Zagayen farko na cinye shi cikin sauƙi, yankansa na zuwa mini a sama ina makawa. Sai ya tsaya ya share tabarau, ya sauya salo. Ya bar murɗi ya koma wahalar da ni, ya ajiye ƙwai can kusa da raga, in na miƙa ya jefa shi can ƙarshen tebur. Kafin in farga ya rama, har ya wuce ni. Na yi ta maza na farke, muka shiga zagayen raba gardama.

A nan ne na hango Kawu. Ashe ya shigo Funtua sayen buhunan da zai ɗura masara, aka gaya masa inda muke. Yana tsaye a bakin ƙofa, ƙunshin buhunan a kafaɗarsa. Hankalina ya rabu, na zubar da maki biyu a jere.

Muna goma da goma na maka wani bugu, ƙwan ya daki tebur ya wuce ya bugi bango da ƙara. Mutanen Malumfashi suka tashi da ihu wai ya fashe tun a cikin wasa, a soke makin. Alƙali ya ɗora ƙwan a tebur, ya danne shi da bat yana murzawa, ya kasa kunne. Shiru, ba ƙaras ba ƙuras. Malam ya karɓa ya murza da kansa, sannan ya juya ga mutanensa.

"Ku zauna, lafiyarsa ƙalau. Makinsa ne."

Saura maki ɗaya, kuma sabis a hannunsa. Na san abin da zai yi, domin in mutum ya shiga matsi, abin da ya fi amincewa da shi yake komawa. Ya sare ƙwan da dukan gwanintarsa, irin sarar da ta sha kunyata ni. Da tsohon ƙwai ne da ya kwanta ya ja baya. Wannan kuwa ya ɗan ɗago kai kamar yadda ya saba yi mini a sito. Na matso, na juyo ƙugu, na sauke masa shi a gefen hagu. Malam bai ko motsa ba.

Ban san lokacin da na durƙusa ba, hawaye na zuba, ban kuma ji kunyar kowa ba. A cikin ihun nan muryar da ta fi kowace tashi ta Kawu ce. Ya yar da buhunan yana ture mutane yana cewa, "Ku ba ni hanya, ɗan ƙanwata ne! A sitona ya koya!" Malam ya zagayo ya ba ni hannu, ya ce ran Asabar zai zo Ƙarfi mu nuna masa yadda ake bi da wannan ƙwai. Ya kuwa zo, kuma har yau yana zuwa.

Masarar Kawu a zaurensa ta kwana a shekarar, ni da direban muka yi dakonta da daɗin rai. Kofin yana kan tagar sito, ƙwan da na ci wasan da shi yana cikinsa, kuma har yanzu bai fashe ba. Abin da na koya shi ne, in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, kuma wanda dole ta sa ya fara koyon sabuwar rawar kada ya damu da masu dariya. Tun daga ranar, in sabon abu ya zo hannuna na ji ƙararsa ba irin wadda na saba ba, ba na saurin ce masa jabu. Sai na ɗora shi a tebur na gwada tukuna.