Wuƙar Buɗe Agogo

Wari ne ya fara zuwa, wani wari mai zaƙi-zaƙi da Mai Agogo bai taɓa jin irinsa a shagonsa ba. Sai huci siriri ya biyo baya daga cikin kwamfutar da ke kife a kan teburinsa, tsinin wuƙarsa na ciki tukuna. Kwamfutar ta 'yar ƙanwarsa ce, kuma a duk dangi yarinyar nan kaɗai ke tako ƙafa wurinsa.

Tun yana saurayi yake gyaran agogo a wannan ɗan shago da ke ƙarƙashin matakalar wani bene. A da har layi ake yi masa. Da waya ta shigo, kowa ya koma duba lokaci a aljihu, aikin ya ragu zuwa sa batir da canza maɗauri. Matarsa ta rasu, Allah bai ba su haihuwa ba. Yakan yini da tabaron ido ɗaya a goshi, yana sauraron agogunan da masu su suka manta da su. Maƙwabcinsa tela ne, shi ma in keken ɗinki ya ɗauka ba a jin maganar kowa.

Yarinyar ta ci sunan mahaifiyarsa, shi ya sa Uwata yake ce mata. Ta gama jami'a, ta sha zaman jiran aiki, har wani kamfani ya ce zai gwada ta a aikin zane daga gida. Kwamfutarta 'yar siririya ce, ba ta fi littafi nauyi ba, amma da ta buɗe manhajar zane sai ta sanƙare. Don haka ta sayo ram, ɗan fallen da ke ƙara wa kwamfuta sauri, da sabon ma'ajin bayanai mai faɗi.

"Kawu, wurin masu gyara zan kai ta. Na biyo ne in gaishe ka."

"Masu gyara? Ni kuma fa, mai wanki ne? Uwata, ni da ke kwance kusar da sai da tabarau ake ganinta? Ajiye min ita."

"Kawu, ba agogo ba ce fa."

"Murfi ne da kusa. Tun ba a haife ki ba nake buɗe su."

Gaskiyar magana, so yake ta sami dalilin dawowa da yamma. Ta yi dariya, ta nuna masa a waya inda ram ɗin ke shiga, ta ajiye masa wata 'yar roba mai tauri, ta ce da ita ake ɓamɓare murfin. Ta tafi sayo sauran kayanta.

Ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya kwance kusoshin, ya jera kowace daidai gurbin da ta fito. Aiki tsaf. Sai murfin ya ƙi tashi. Ya sa robar, ta lanƙwashe, ya yi tsaki ya ture ta gefe. Hannunsa ya ɗauko abin da ya saba, wato wuƙar buɗe bayan agogo. A agogo, zura ta ake yi a bakin murfi, a danna, a murɗa, ƙarfen ciki ya tare ta. A nan babu ƙarfen da zai tare ta. Abin da ke kwance ƙarƙashin murfin batir ne, mai faɗi, mai laushi, wuƙar ta shige shi.

Farin hayaƙi ya tuƙe. "Tela! Tela, yashi!"

Tela ya leƙo yana dariya. "Malam, shayi kake dafawa a ciki?" Da ya ga fuskar tsohon, ya bar wasa ya ruga da bokiti. Kafin ya dawo, Mai Agogo ya fizge murfin da hannu, yatsunsa suka tashi bororo. Tela ya iso ya juye yashin a kai.

Da yarinyar ta dawo, ta tsaya a ƙofa tana kallon yashi a kan tebur. Ba ta ɗaga murya ba.

"Kawu, ka ƙone?"

"Ba komai. Uwata, ni ne na..."

"Mu ga hannun."

Ta shafa masa magani, ta kakkaɓe kwamfutar, ta sa a jaka. A bakin ƙofa ta ce, kamar da kanta take magana, "Ranar Litinin ne gwajin." Da zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi.

Washegari ta kira shi, magana a taƙaice. Mai gyara ya ce batir ana samun wani, amma sai ya wanke allon ciki ya ga ko zafi ya taɓa shi. In ya taɓa, kwamfutar ta gama yawo.

Tun daga ranar ba ta zo ba. Ya sha ɗaukar waya ya nemo lambarta, ya ajiye. Da yatsu a naɗe ba ya iya riƙe kusa, sai ya zauna a bakin shago yana kallon masu hawa bene. Litinin ta matso. Mai gyaran bai faɗi komai ba tukuna, ita ma ba ta sake kira ba.