Kunun Kanwar da Na Ɓoye wa Sista

Assalamu alaikum Edita. Na daɗe ina karanta wannan shafi ina mamakin masu iya tona cikinsu a bainar jama'a, yau ga shi layi ya zo kaina. Ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan ambaci sunan kowa ba.

Lokacin da abin ya faru ina da shekara ashirin da biyu, ina ɗinki a ɗakina a cikin garin Hadejia, mijina kuma yana sarin kifi daga ƙauyukan fadama. Abin da aka san ni da shi dauriya ce, ina kuma ji da ita kamar wata sarauta. Allurar keke ta taɓa huda mini yatsa ta ɓulla ta farce, ban ce uffan ba sai da na gama rigar. Gwaggona ce ta yi mini wannan tarbiyya, yayar mahaifina, wadda ta ɗauke ni ina wata bakwai bayan rasuwar mahaifiyata. A wurinta raki abin kunya ne, ni kuwa tun da na yi wayo ban taɓa yi mata musu ba, ko da wasa.

Cikina na fari ya zo da kumburin ƙafa da ciwon kai, na ce ai haka ciki yake. Wata rana da hantsi ina yanka yadi sai na ga wuta-wuta a idona, iyakar abin da na sani ke nan. Daga baya aka ba ni labari cewa jijjiga ce ta kama ni saboda hawan jini, aka kwashe ni ranga-ranga zuwa asibiti, aka yi mini aiki aka ciro jaririyar. Sai bayan kwana biyu na farfaɗo. Na shafa cikina na ji ba komai, ga ciwo kamar an tsaga ni biyu, ga babu jariri a gefena. Tsoron da na ji a lokacin ban taɓa jin irinsa ba, na kasa ko tambaya don kada a faɗa mini abin da nake gudu. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta lura na buɗe ido, babbar mace mai tabarau, wadda kowa ke kira Sista. Kafin ma ta tambaye ni ya jiki, sai ta sunkuyo ta ce mini 'yata tana da rai, mace ce, kuma ta fi kowa baki a ɗakin jarirai. Ta je ta ɗauko ta da kanta, ta ɗora mini a ƙirji, ta tallafe ta da hannunta saboda nawa ba su da ƙarfi.

Kwana tara na yi a hannun matar nan. Ita ke juya ni, ita ke goge mini jiki, ba ta taɓa yaye mini zane ba sai ta ja labule. Ran da ta ga gashina ya cukurkuɗe, ta zauna bayan ta tashi daga aiki ta yi mini kalba huɗu, tana tsokanata cewa kada angon ƙarni ya shigo ya gudu. Ranar sallama ta zaunar da ni ta ce jinina bai gama sauka ba, zuciyata kuma ta wahala, saboda haka ban da kunun kanwa, ban da gishiri mai yawa, wanka kuma da ruwa mai ɗumi kawai. Ta koya mini in riƙa danna ƙaurina da ɗan yatsa kowace safiya, in wurin ya loɓa bai taso ba in kira ta, haka nan in na ji kwanciya tana toshe mini numfashi. Ta sa mini lambarta a waya, ta karɓi tawa. Na ce mata to, kuma har ga Allah da gaske nake a lokacin.

Daga asibiti ƙauyenmu aka wuce da ni wankan gida, can wajen Kirikasamma, damina ta yi nisa. Gwaggo ta dubi ɗinkin cikina ta ce tunda ɗinkin ya hana ta gasa ni da ruwa, dole a gasa ni ta ciki, in ba haka ba sanyi zai shige ni in ruɓe da raina. Sai ta ninka kanwar kunun. Na buɗe baki zan faɗa mata abin da Sista ta ce, na dubi hannunta da ya ƙone wajen dama mini, sai na kasa. Na karɓi kwanon na shanye. Safe da yamma haka, kuma da ɗinkin ya kame ta ɗora tukunya aka shiga wankan jego na sosai, ruwa yana tafasa tana fyaɗa mini da ganyen darbejiya. Sista takan kira ni bayan kwana biyu ko uku, in zaga bayan rumbu in ce mata lafiya ƙalau, kanwa ko ganinta ban yi ba. Ƙarya nake sharara wa matar da ta wanke mini jini da hannunta, ina kuma ganin hakan biyayya ce.

A mako na huɗu na danna ƙaurina, yatsana ya nutse, ramin ya tsaya yana kallona. Cikina ya ɗuri ruwa, amma na ja zane na rufe. Kwanciya ta gagare ni, barci sai a jingine da bango, ga wani tari da ba ya fita. Gwaggo ta ga kumburin ta yi murna, ta ce jego ya karɓe ni. Ni na san ba ƙiba ba ce. Nakan dubi 'yata tana barci in tuna ni ma ban san fuskar uwata ba. Duk da haka tsoron in ce wa Gwaggo kununta ne yake cutar da ni ya fi mini tsoron mutuwa.

Wata Laraba bayan azahar Sista ta kira. Ta fara gaisuwa ta ƙi tsayawa: ya gida, ya jego, ya jaririya, ya Gwaggo, ya ruwa, ya mutanen gari, har awakinmu sai da ta tambaya. Ina amsawa ina haki, ban gane da gangan take ja ba. Sai ta ce in ƙirga mata daga ɗaya zuwa ashirin ba tsayawa. A bakwai numfashina ya ƙare. Ba ta yi mini faɗa ba, ta ce kawai in faɗa mata kwano nawa nake sha a rana. Na fashe da kuka na faɗi gaskiya. Ta ce in kai wa Gwaggo wayar. Ina jin su, ta gaishe ta da ladabi tana ce mata Baba, ta yi mata sannu da ɗawainiya, ta ce ta san ƙauna ce ta sa, amma ruwa ya taru a ƙirjin 'yarta, in ba a kawo ni kafin faɗuwar rana ba ba ta da tabbacin zan kai gobe.

Kogi ya riga ya cinye hanyar mota, sai kwalekwale. Aka kwantar da ni a ciki, nan take na ji kamar an danna kaina cikin ruwa, na shiga fizge-fizge. Sista tana kan waya, ta ce a tayar da ni zaune, kada a kuskura a sake kwantar da ni. Gwaggo ta zauna a bayana ta jingina ni a ƙirjinta, jaririyar tana hannun matar wana. Ciyawar kachala ta toshe mashigin da aka saba bi, mai tuƙi ya yi ta zagaye. Ina kallon kan shinkafar mutane a nutse, ina jin wani kumfa yana taso mini a maƙogwaro, ina kalmar shahada a zuci don bakina ya kasa. Ruwa ya yi ta ɗiga a wuyana, na zaci yayyafi ne, ashe hawayen Gwaggo ne, matar da ban taɓa ganin kukanta ba.

Daga bakin ruwa mota ta ɗauke mu. Da muka isa asibiti bayan la'asar, Sista na tsaye a bakin ƙofa da keken marasa lafiya, ashe tun ƙarfe biyu ta tashi daga aiki ta ƙi tafiya gida. Aka sa mini iskar numfashi, aka yi mini allurar da ta riƙa fitar da ruwan. Duk lokacin da na firgita na kai hannu zan cire abin hancin, sai ta riƙe hannun ta ce in dube ta mu ja numfashin tare. Mako biyu na yi. Ko sau ɗaya ba ta goranta mini ƙaryata ba, da na roƙi gafararta ma cewa ta yi laifinta ne da ta yi wa mai jego bayani ta bar mai dama kunun. Ita ta zaunar da Gwaggo suka shirya: kunun gyaɗa ba kanwa, wanka da ruwan da gwiwar hannu za ta iya jurewa. Da muka koma gida Gwaggo ta juye sauran kanwar a kwamin awaki.

Na rayu, amma zuciyata ba ta koma daidai ba. Kullum ina kan magani, likita kuma ya ce wani cikin zai iya tafiya da ni. Na gane abin da nake kira dauriya tsoro ne kawai, tsoron ɓata wa wadda nake ƙauna rai, alhali mutuwata ce za ta fi ɓata mata. 'Yan uwana mata, in ma'aikaciyar jinya ta hana ku wani abu, ku sa ta faɗa a gaban wadda za ta yi muku jego, kuma komai nauyin baki kada ku yi mata ƙarya. 'Yata yanzu shekararta biyar. Jiya ta dawo daga gidan suna ta tambaye ni yaushe zan sayo mata ƙani, na ce ta je ta wanke hannu ta ci abinci.