Ranar da Aka Raba wa Baba da Baffa Akushi

Duk sa'ad da na shiga asibiti warin magani ya buge ni, Baffa nake tunawa, yayan mahaifina. Haka rigarsa take wari shekarar da ya dawo daga wajen Turawan mishan a ƙasar Roni, inda ya yi damina uku ana yi masa maganin kuturta. Lokacin Bature ke mulki, ni kuwa ban fi shekara tara ba.

Ya dawo da sauƙi, da wani ɗan littafi a aljihu. Ni ce mai kai masa fura, ga ni da kunne. Wata rana da hantsi, ana shanyar gero, na ji yana karantawa a hankali, wai Annabi Isa Ɗan Allah ne. Ko ƙwaryar ban ajiye ba na ruga zaure na fesa wa Baba.

Baba ya same shi a tsakar gida, kakarmu na gefe tana kaɗi.

"Yaya, Allah ne ke da ɗa? Wa ya aura?"

"Ba haihuwar ciki ake nufi ba," in ji Baffa. "Kusanci ne da ƙauna. Dubi Inna. Ni ta haifa, ba ta taɓa cewa ɗana ba. Kai riƙonka ta yi, amma kai take kira ɗanta. Ƙarya take yi?"

Shi misali ya kawo, Baba kuwa gori ya ji. A gidanmu ba a taɓa faɗin cewa Baba marayan ƙanen mijin kaka ne ba, ni ma ranar na sani. Mutumin da ko cutar ba ta hana shi sa hannu a akushi ɗaya da wansa ba, ya ce daga yau a zuba wa kowa nasa.

Duka muka dubi kaka. Kalma ɗaya daga bakinta ta isa. Amma Baffa ɗan fari ne, kunya ba ta barin uwa ta tsaya wa ɗan farinta. Ta ci gaba da murza mazarinta. Ana gama girbi Baffa ya koma Roni, can kuma ya rasu.

Ni Musulma ce, har gobe ban karɓi maganar littafinsa ba. Sai dai na girma na gane ba aure da haihuwa yake nufi ba, kuma da na bari ya sha furarsa na tambaye shi, da ya gaya mini a zaune.

Yanzu jikata tana kiran ɗan farinta da sunansa, tana tare masa faɗa a gaban kowa. Da ina yi mata tsawa. Na daina.